Yadda Aka Ciro Mini Fil Daga Huhu Ina Kallo

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mana nono daga ƙauyen Ɗan Isa sai da ta sauke ƙwarya ta roƙe ni in buɗe baki ta ga inda aka bi. Maƙogwarona kuwa bai gama warwarewa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da labarin gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in ce ya je ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kulu, ina koyar da ɗinki da girki a wata makarantar 'yan mata a Ƙaura. Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, gyalen da muka saba yafawa a kafaɗa ya hau kai ya zagayo ƙarƙashin haɓa, aka kuma ce mu malamai mu ne abin koyi. Nan da nan fil ya yi kasuwa, ɗan siririn nan mai kama da allura da ɗan ƙwallon roba a kai. Hannu biyu suna gyaran mayafi, sai leɓe ya zama ma'ajin fil. Haka kowace mace take yi, har da ni da nake kwaɓar ɗalibai in sun sa allura a baki.

Wata safiya da damina ina tsaye gaban madubi da fil a leɓe, sai na hango akuyar maƙwabta ta tura kai cikin geron da na jiƙa. Na ja numfashi zan daka mata tsawa. Tsawar ba ta fito ba, fil ɗin kuma ya ɓace. Na yi tari har na durƙusa, hawaye na zuba, sa'an nan abin ya lafa kamar ba a yi ba. Na duba ƙasa, na kakkaɓe zane, na share ɗakin kaf, ban gan shi ba. Akuyar dai ta ci ta ƙoshi ta yi gaba.

Kafin azahar gidanmu ya cika da likitoci. Wata ta ce in haɗiyi lomar tuwo ba tauna, wata ta ce auduga da madara, wani maƙwabci ya kwance maganaɗisun rediyonsa ya aiko a ɗora mini a ƙirji. Maigidana, wanda zan kira Malam kamar yadda nake kiransa a gida, malamin Larabci ne, ba ya son hayaniya. Shi ya sallami kowa ya kai ni asibiti, daga can aka tura mu Gusau ɗaukar hoto. Likitan ya manna hoton a fitila, sai ga fil a ɓangaren dama, fari tas, tsininsa na kallon sama. Ya ce ba ciki ya shiga ba, hanyar iska ya bi, yana cikin huhu, duk tuwon Zamfara ba zai kai gare shi ba. In aka bar shi zai iya huda wani abu, ko wurin ya ruɓe. Hanya biyu ce: ko mu tafi babban asibiti can kudu a buɗe ƙirji, ko mu gwada wani asibitin mishan a ƙasar Nijar, yamma da Maraɗi, inda ya ji akwai wani tsohon likita mai na'urar da ake zurawa ta baki a ciro irin wannan ba yanka.

Malam yana cikin waɗanda suka je Gusau ranar ƙaddamar da Shari'a, ya dawo murya a shaƙe saboda kabbara. Da ya ji an ambaci mishan sai ya kalli hoton, ya kalle ni. Sai da muka kusa Ƙaura ya ce gobe in Allah ya kai mu za mu Nijar. Ga maƙwabta ma iyakar abin da ya faɗa ke nan, Nijar.

Wanda ya ɗauke mu Ɗanjuma ne, ɗan baffan Malam, direban fijo a Zurmi. Duk mai bin hanyar Jibiya ya san shi, mutum ne da ba ya tuna akwai birki sai ya hango tasha. Amma ran nan, da aka nuna masa hoton, sai ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya riƙa lallaɓa motar kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Duk ramin da muka faɗa sai ya waiwayo ya tambaye ni ko ya gusa. Na gaya masa ba na jin komai, ya ce to wannan ya fi ba shi tsoro. Wani mai keke da buhun gero a baya ya wuce mu, ya yi mana sannu, ya tsaya ya sha ruwa a wani ƙauye, ya sake wuce mu. Bayan Zurmi ruwa ya cinye wata kwalbati, maza suka fita turi da laka har gwiwa, ni kuwa aka hana ni motsi. Ina zaune ni kaɗai a mota Malam yana tura ni, abin da ban taɓa mafarkin gani ba, ga shi ba halin in yi dariya, don dariya tana kawo tari.

A iyaka bayan Jibiya namu suka ɗaga wa Ɗanjuma hannu muka wuce. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo, siriri, ya nemi katin shaida. Malam yana da na makaranta, ni kuwa ba ni da komai sai babban ambulan na hoton ƙirjina. Shi na miƙa. Ya zaro ya ɗaga wa rana, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya kira abokan aikinsa. Kafin a jima har mai sayar da kunu ta zo ta sa ido, ana ta musu ko allura ce ko ƙusa. Ni da na yi wata da watanni ina rufe wuyana kada namiji ya gani, ga haƙarƙarina ana yawo da shi hannu-hannu a bakin titi.

"Madan, wanga ya hi kati," in ji jandarman da ya maido mini. "Ba mai yin ƙaryar wanga. Ku wuce. Allah shi ba da sauƙi, Mushe."

Malam ya ɗaure fuska. Sai da muka yi nisa Ɗanjuma ya bayyana masa cewa a can haka ake kiran malamin makaranta, girmamawa ce daga Faransanci, ba dabbar da ta mutu ba yanka ake nufi ba. Malam ya ce ya gane, amma dai ya fi son sunansa na gida.

Hausarsu tamu ce, sai 'yan kalmomin Faransanci da suke barbaɗawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a Maraɗi mata ne a kan babur. A gida an hana mu hawa bayan ɗan acaba, a can kuwa mace ce ke tuƙi da kanta, goyo a baya, dogon burodi kamar taɓarya a hammata, mayafinta a ɗaure tsaf. Malam ya duƙufa da kallon rufin gidaje. Da aka kira azahar kuma sai na ga kasuwa ta watse, kowa ya nufi masallaci ba wanda ya kora shi, daga nan aka wuce gida aka kwanta. Ofis da kanti duk a rufe sai rana ta yi sanyi. Na ce wa Malam wannan dokar ce ya kamata mu aro.

A Maraɗi Ɗanjuma ya juya, don takardun motarsa ba su wuce nan ba. Motar da muka shiga daga can ba ta san da wani fil ba. An cusa mu tsakanin buhunan albasa da wani rago, direban kuma ya riƙa gudu kamar ana bin sa. Kaina ya bugi rufi ya fi a ƙirga. Muka isa lafiya, na kuma gane duk lallaɓar da Ɗanjuma ya yi asara ce.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne, Iya Hajo, kusa da asibitin, inda masu jinya ke kama ɗaki. Akwai Buzaye, akwai Fulani, akwai Sakkwatawa da Katsinawa. A ƙofar gidan Malam ya yi kiciɓis da wani abokinsa da suke fita wa'azi tare a Ƙaura, ya kawo mahaifinsa aikin gwaiwa. Suka gaisa kowa yana kallon ƙasa. Wannan ya ce lalura, wancan ya ce lalura, daga nan suka zauna a tabarma guda suka koma hirar taki. Iya Hajo ta kawo mana burodin nan nasu mai tauri da kofi da madara a kwano, ta biyo da fura. Ba na son faɗa, amma furarsu ta fi ta Ƙaura. Na sha da kyau, gama an riga an gaya mini daga dare ba ci ba sha sai an gama aiki.

Da safe waƙa muka fara ji daga cikin asibitin, ma'aikata suna ibadarsu da Hausa. A ƙarƙashin wata bishiya kuma ga tabarmi da butoci an tanada wa masu salla. Likitan Bature ne, tsoho, Hausarsa irin ta manoman Gobir, don a wurinsu ya koya. Ya sa aka sake ɗaukar hoto, ya ce fil ɗin ya ɗan ƙara gangarawa, gara a yi yau. Sa'an nan ya faɗi abin da ban zata ba.

"Ba mu sa ki barci," in ji shi. "Barcin na da nashi haɗari, kuma in kina numfashi da kanki hil ɗin ya hi zama wuri guda. Hanyar kaɗai za mu kashewa, daga baki har ƙasa."

Ni kuwa duk tafiyar nan abin da na sa a rai shi ne a yi mini allura in kwanta, in farka a ce an gama. Na roƙe shi, ya ƙi cikin ladabi, ya miƙa ni hannun wadda suke kira Majo, wato babbar nas. Sunanta Saratu, Bahaushiya ce Kirista, kakkaura, da tsagar Gobirawa irin ta kakata. Ita ce mai aikin kashe hanyar.

Ta fara da ɗora ni a sikeli. Ta ce maganin da nauyin mutum ake auna shi, in ya yi yawa guba ne, don haka abin da ta zuba a ƙoƙon nan shi ne rabona gaba ɗaya, da shi za a yi aikin har ƙarshe. Ta yi mini allura a dantse wadda ta busar mini da baki ƙayau. Ta ce tunda ba zan iya magana ba, in na ji kunnena na ƙara, ko bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, ko jiri ya kama ni, in ɗaga hannu. Ta kuma ce akwai wata allura da sukan yi ta gaban wuya a fesa maganin kai tsaye cikin hanyar iska, amma ni ba za a yi mini ba, don tana sa tari mai ƙarfi, tarin kuma zai iya gusar da fil. Na ji Malam ya sauke ajiyar zuciya a bayana. An bar shi ya shigo bisa sharaɗin ya tsaya wajen ƙafafuna.

Aka fara da wani ruwa da ta ba ni in ɗaga kai in riƙa karkaɗawa a maƙogwaro, kada in haɗiye. Na sha maɗaci, na sha ganyen dogon yaro lokacin shawara, duk wasa ne a kan ɗacin wannan. Na tofar, ta ƙara mini. Daga nan ta naɗe harshena da ƙyalle ta jawo shi waje, ta ce in yi ta haki kamar wadda ta yi tsere, ta riƙa fesa maganin can ciki daidai lokacin da nake jan numfashi. Ta jira. Ta ɗauko wani lanƙwasasshen ƙarfe da auduga jiƙe da magani a bakinsa, ta kai shi can ƙasan maƙogwaro ta danna a dama, ta riƙe, ta sake a hagu. Duk abin nan tana yi tana gaya mini abin da zai biyo baya kafin ya zo, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa.

Abin da ya biyo bayan nan shi ne mafi muni a duk tafiyar, kuma ba zafi ba ne. Harshena ya zama kamar tsokar hanta da wani ya ajiye mini a baki. Na nemi haɗiye miyau na rasa inda ake haɗiyewa. Sai na ji kamar an cusa mini dunƙulen tsumma a wuya, na tabbata iska ta daina wucewa. Na yunƙura zan tashi, na damƙe rigar Majo, a raina ina cewa ashe nan ƙasar mutane ajalina ya kirawo ni. Ba ta ɓamɓare hannuna ba. Ɗayan ta kama ta kai tafina gaban bakina.

"Ji nan, ƙanwata. Iska na hita?"

Na gyaɗa kai.

"To ita za ki yarda da ita. Maƙoshinki ƙarya shika miki. Ya yi barci, bai san abin da ka wucewa ba."

Na bar hannuna a wurin ina jin ɗumin numfashina, har zuciyata ta rage bugu. Ta ɗauko ɗan itace ta taɓa can bayan maƙogwarona, wurin da ko buroshi ya kai sai na yi yunƙurin amai. Ban ji komai ba. Ta ce wa likita an shirya.

Kafin ya fara sai ya tambayi Malam ko ya yarda ya yi addu'a, don haka suka saba. Malam ya ce ya yi tasa mu ma mu yi tamu. Likita ya sunkuyar da kai, Malam ya ɗaga hannu, ni kuwa da harshe a mace na yi tawa a zuci. Kusan tare suka shafa, ko in ce Malam ya shafa, likita ya gyara tabarau.

Aka kwantar da ni, aka sa mini wata roba tsakanin haƙora kada in ciji kayan aiki. Na'urar baƙa ce, doguwa kamar bulala, kaurinta bai wuce na fensir ba, da 'yar fitila a baki, likita kuma yana leƙawa ta ɗayan ƙarshen da ido guda. Majo ta so ta rufe mini ido da ƙyalle na ƙi. Na ga abin ya shige bakina, ban ji shi ba sai ɗan nauyi. Likita ya ce in ce "iii", na yi wani sauti da ko akuyar nan za ta ji kunyarsa. Ya ce madalla, ga ƙofar murya ya gani.

A nan Majo ta sunkuyo ta ce yanzu za ta tura magani ta cikin na'urar ya zuba a kan ƙofar, zan ji kamar ruwa ya sarƙe ni, zan yi tari kaɗan, sa'an nan shiru. Haka aka yi. Duk wanda kunu ya taɓa bin masa ta inda ba hanya ba ya san abin. Na yi tarin, ta dafa kafaɗata, aka jira maganin ya kama, sa'an nan na'urar ta wuce. Haka suka yi ta yi: a gangara kaɗan, a zuba, in yi ɗan tari, a jira, a ci gaba. Duk zubawa sai ta faɗa wa likita da Faransanci abin da ya rage.

A ɗaya daga cikin jiran nan likita ya ce wa Malam ya zo ya ga ikon Allah. Malam ya sa ido a madubin na'urar. Ya ce subhanallahi a hankali, ya ja da baya, sai ga shi zaune a ƙasa ya jingina da bango. Daga baya ya gaya mini ya ga wata hanya ja mai laima tana buɗewa tana rufewa, ga fil can ƙasa yana ƙyalli, sai ya tuna cikin matarsa yake kallo. Majo ko waiwaye ba ta yi ba, ta ce a bar shi nan, mara lafiya ɗaya take dubawa a lokaci guda.

Ana cikin haka na ji kunnena na ƙara. Na ɗaga hannu. Komai ya tsaya cak, Majo ta kama wuyan hannuna tana kallon idona, tana tambaya ko da jiri, ko da ɗanɗanon ƙarfe. Na girgiza yatsa. Sai ta saurara, ta miƙa ƙafa ta taɓa akwatin da ke ba na'urar haske, ƙarar ta ɗauke. Murfinsa ne ke rawa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce gara haka da in ji in yi shiru.

Likita ya zura wata siririyar waya mai ɗan baki kamar na hantsaki ta cikin na'urar. Ya kama fil ɗin, ya fara ja, sai ya suɓuce. Na ji wani abu ya soke ni can ciki, wurin da maganin bai kai ba, tari ya taso mini da ƙarfi. Na ga goshin likita ya jiƙe. Ya yi magana da Faransanci, Majo ta ɗaga sirinjin ta nuna masa, ko ban ji yaren ba na gane ɗan abin da ke ciki shi ne na ƙarshe. In ya ƙare ba a ciro ba, sai a tsaya, sai kuma maganar buɗe ƙirji ta dawo. Ta tura shi a hankali. Aka jira, jiran da ya fi kowanne tsawo. A lokacin ne na ji hannu ya riƙe mini ƙafa. Malam ne ya rarrafo daga bango, yana karatu ƙasa-ƙasa, tafinsa sanyi ƙalau.

Majo ta kawo fuskarta dab da tawa. "Yanzu aiki na gare ki, Kulu. Kar ki haɗiye, kar ki tari. Dubi idona, ja iska ta hanci sannu-sannu."

Na kafe ido a kan tsagar kumatunta ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Tarin ya zo ya tsaya mini a ƙirji kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, na hana shi. Na ji na'urar tana tasowa gaba ɗaya, sannu, sannu, ta wuce wuya, ta wuce harshe. Sai na ji ɗan ƙara, ƙis, a cikin faranti.

Daga nan aka ce in yi tarin da nake so. Na yi har da na gobe. Likita ya nuna mini fil ɗin, ya ɗan yi baƙi, ƙwallonsa ja yana nan. Ya jefa shi cikin wata kwalba da ya tara abubuwan da ya ciro daga mutane, ƙayar kifi, haƙori, ƙwallon dabino, har da usur. Na lura ba nawa kaɗai ne fil a ciki ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Majo ta ce ba ruwa ba abinci sai maƙogwaro ya farka, in ba haka ba abin da na sha huhu zai tafi, mu koma inda muka fito. Ga ƙishi, ga allurar da ta busar da baki. Iya Hajo ta lallaɓo da kofin kunu a ƙarƙashin zane, Majo ta kama ta, suka yi ta cacar baki irin ta waɗanda suka saba. Sai can da la'asar ta ba ni ruwa a cokali, ta sa yatsu a wuyana tana jin yadda ya wuce. Ban taɓa sanin haɗiya aiki ba ce sai ran nan. Da za mu tafi na rungume ta, muryata a dishe na kasa yi mata godiyar kirki. Malam ya yi mata, da doguwar addu'a, ta kuma amsa da amin.

Dawowa ba mu bi ta Jibiya ba, muka yanko ta Sabon Birni da Isa muka faɗo Shinkafi ranar kasuwa. A tasha aka tuna mana mun iso gida: mata ga motarsu, maza ga tasu. Mutumin da ya leƙa cikin huhuna aka ce bai dace ya zauna kusa da ni ba. Bai yi musu ba, ya sa ni a mota ya tafi neman tasa.

Na sami wuri a tsakiyar mata 'yan kasuwa masu komawa Ƙaura. Mota ba ta yi nisa ba wata ta tambaya ko an ji labarin malamar nan da ta haɗiyi allura. Wata ta ce ai ta rasu a Nijar, direban da ya kai su ya dawo shi kaɗai, ya ce ya baro su sai addu'a. Wata ta ce an ce a kan tebur ta cika, Turawa sun tsaga ta. Wata tsohuwa ta ce matan boko da son madubi, amma dai an ce tana da kirki, ta koya wa jikanyarta ɗinki. Aka ce Allah ya jiƙanta, na ji bakina ya ce amin tare da kowa, don sabo. Sa'an nan na ce musu ni ce. Muryar ba ta fita sosai ba, ga ƙarar mota. Ta kusa da ni ta dube ni ta ce Allah sarki, 'yar'uwarta ce? Ta yi mini ta'aziyya.

Dariya ta fara taso mini, sai kuma ta tsaya. Innata tana ƙauyen Banga, ba mu gaya mata za mu yi tafiya ba don kada hankalinta ya tashi. In labarin ya kai Shinkafi, to ya daɗe da kaiwa Banga.

Ban jira motar Malam ba. Daga tashar Ƙaura na kama hanya da ƙafa, ina sauri, mutane na tsayawa suna kallona, wata mai tuyar ƙosai har ta saki matsami. Ba a shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida ba, don dangin Malam sun ce sai an sami tabbas. Amma maƙwabciyata ta tare ni a soro, tana kuka tana dariya, ta ce Inna ta zo tun shekaranjiya da ƙafa, ta shiga ɗakina ta zauna, ko ruwa sai an matsa mata.

Na same ta a bakin gado da zanena na barci a cinya. Na yi sallama, sallamar ba ta fito ba sai iska. Ta ɗago ta dube ni, ba ta tashi ba. Na durƙusa a gabanta. Ta sa hannu ta shafa fuskata, ta gangaro wuyana, ta buɗe mayafin tana neman inda aka yanka, ba ta samu ba.

"Yi magana in jiya," in ji ta.

Na tattara abin da ya rage mini na murya na ce, "Inna, ni ce. Yunwa nika ji."

Sai ta ninke zanen ta ajiye a kan gado, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta fita tsakar gida. Ina daga ɗaki na ji tana tambayar maƙwabciyata inda nake ajiye tukunya, sa'an nan na ji kukan ya ƙwace mata a bakin murhu.